Wilhelm von Humboldt: Wata 16 Da Suka Sauya Ma'anar Jami'a

Kwanakin baya wani ɗalibi da aka ɗora mini nauyin duba kundinsa na digiri na uku ya same ni a ofis. Bayan mun gaisa ya tambayi iyali, sai ya sunkuyar da kai ya roƙe ni in taimaka in zaɓa masa batu mai sauƙi, wanda aka riga aka yi rubuce-rubuce masu yawa a kansa, domin a ma'aikatar da yake aiki an shaida masa cewa ba zai ƙara matsawa gaba ba sai ya kawo takardar dakta. Mutum ne mai ladabi, magidanci, kuma ban ga ƙarya a maganarsa ba. Abin da ya tsaya mini a rai bayan fitarsa shi ne, digirin da yake nema, a siffarsa ta yau, an tsara shi ne musamman domin batun da ba a riga an yi rubutu a kansa ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in waiwayi tarihin mutumin da aka fi danganta wannan tsari da shi, wato Wilhelm von Humboldt, Bajamushen da ya rasu a shekarar 1835, ko ma ga inda muka ɗauko abin, da kuma abin da muka yar a hanya.

Ni dai a ajin kimiyyar harshe na fara jin sunansa, lokacin da malaminmu yake bayanin yadda Noam Chomsky, a rubuce-rubucensa na 1965 da 1966, ya koma ga ra'ayin Humboldt cewa harshe yana amfani da kayan aiki ƙidayayyu wajen samar da zantuka marasa iyaka. Na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin masanin harshe kawai. Sai daga baya na fahimci cewa rigar da na sa ranar da aka yaye ni, da kundin da na kwashe shekaru ina rubutawa, duk suna da nasaba da wani ɗan gajeren aikin gwamnati da mutumin ya riƙe, wanda bai kai shekara ɗaya da rabi ba.

An haifi Wilhelm a garin Potsdam, kusa da Berlin, ranar 22 ga Yunin 1767, a masarautar Furushiya, domin a wancan zamani ba a riga an haɗe ƙasashen Jamusawa sun zama Jamus guda ba. Mahaifinsa tsohon hafsan soja ne kuma bafade, ya rasu a 1779 yaron yana da shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyarsa, wadda ta gaji dukiya mai yawa, ita ce ta tsaya a kan tarbiyyarsa da ta ƙanensa Alexander, wanda daga baya ya yi suna a duniya wajen binciken ƙasa da tsirrai a Kudancin Amurka. Yaran biyu ba su taɓa zama a ajin makaranta ba, malamai aka riƙa ɗauko musu har gida. A 1787 aka tura su jami'ar Frankfurt ta bakin kogin Oder, a shekara mai bi Wilhelm ya koma Göttingen, inda ya karanci shari'a, ya kuma zauna gaban Christian Gottlob Heyne yana nazarin Girkanci da adabin mutanen da. Duka-duka shekara biyu ya yi a jami'a, bai kuma tsaya rubuta kundin dakta ba.

A watan Agustan 1789, 'yan makonni bayan ɓarkewar juyin juya halin Faransa, ya ziyarci birnin Faris ya gane wa idonsa abin da ke faruwa. Da ya dawo sai ya kama aiki a kotu a Berlin, amma bayan shekara guda ya ajiye, ya auri Caroline von Dacheröden a 1791, suka koma gonakin mahaifinta, shi kuwa ya duƙufa a kan karatu ba don neman wani muƙami ba. A 1792, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya rubuta littafi a kan iyakar da ya kamata hukuma ta tsaya a rayuwar jama'a, inda ya nuna cewa gwamnatin da ke son yi wa talakawanta komai takan wayi gari ta mayar da su mutanen da ba su iya yi wa kansu komai. Littafin bai fito cikakke ba sai 1851, bayan rasuwarsa, kuma daga cikinsa ne John Stuart Mill na Ingila ya ɗauko jimlar da ya buɗe littafinsa na 1859 a kan 'yanci. A 1794 ya tare a garin Jena, inda ya shaƙu da manyan marubutan Jamus biyu, Schiller da Goethe.

Daga 1797 ya zauna a Faris, daga nan ne kuma ya yi tafiye-tafiye zuwa Sifen. A 1801 ya shiga ƙasar Bask, wata al'umma da ke kan iyakar Sifen da Faransa, masu harshen da har yau ba a gano danginsa ba a duk faɗin Turai. Ya zauna da limamansu da manomansu yana tambaya yana rubutawa, kuma daga wannan tafiya ce sha'awarsa ta karkata ga kwatanta ginin harsuna. A 1802 aka naɗa shi wakilin Furushiya a fadar Fafaroma da ke birnin Rum, aikin da ba shi da wani nauyi, wanda ya ba shi damar tattara littattafan nahawu da 'yan mishan suka rubuta a kan harsunan mutanen asali na nahiyar Amurka. Shekara shida ya yi a can cikin kwanciyar hankali, ko da yake a nan ne ya binne babban ɗansa a 1803.

Yana Rum ɗin ne ƙasarsa ta faɗi. Ranar 14 ga Oktoban 1806 rundunar Napoleon ta murƙushe sojojin Furushiya a Jena da Auerstedt, sarki ya gudu gabas, kuma a yarjejeniyar Tilsit ta 1807 masarautar ta rasa kusan rabin ƙasarta, haɗe da garin Halle mai jami'ar da ta fi kowace daraja a cikinta. Su kansu jami'o'in Jamusawa a lokacin sun riga sun lalace. Da dama ɗalibansu ba su taka kara sun karya ba, farfesa yakan shiga aji ya karanto tsohon littafi ya fita, kujerun koyarwa kuma a wasu wurare sun zama kamar gadon gida. Da yawa daga cikinsu sun rufe a waɗannan shekaru. Faransa ta riga ta soke nata jami'o'in tun 1793, ta maye gurbinsu da makarantun ƙwarewa, kowace da sana'ar da take horar da ma'aikatan gwamnati a kai, kuma akwai manyan jami'ai a Berlin da ke ganin a bi sahu, a daina ma amfani da sunan jami'a. An ruwaito cewa da malaman Halle suka kai kuka gaban Sarki Friedrich Wilhelm na Uku, sai ya nuna musu cewa dole ƙasa ta mayar da abin da ta rasa na ƙarfin makami ta hanyar ƙarfin ilimi.

Baron vom Stein, jagoran masu neman gyara, shi ne ya ba da sunan Humboldt domin ya shugabanci sashen addini da ilimi a ma'aikatar cikin gida. Humboldt bai so ba, har ya roƙi sarki ya bar shi ya koma Rum inda iyalinsa suke, amma ba a karɓi uzurinsa ba. A watan Fabrairun 1809, wato shekarar da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato, ya kama aiki. Mutumin da ya rubuta littafi yana gargaɗin hukuma da ta janye hannunta daga tarbiyyar jama'a, ga shi an danƙa masa makarantun hukuma gaba ɗaya, ga baitulmali wayam saboda diyyar yaƙi da ake biyan Faransa.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne, daga ƙasa ya fara. A tsare-tsare biyu da ya rubuta a 1809 ya kasa ilimi gida uku, na firamare da na sakandare da na jami'a, kowanne da aikinsa. Firamare ta koya wa yaro karatu da rubutu da lissafi, kuma a ƙarƙashin sashensa an tura matasan malamai Suwizalan su koyo dabarun Pestalozzi. Sakandare kuwa aikinta ta koya wa yaro yadda ake koyo, ta yadda ranar da zai bar ta zai iya ci gaba ba tare da an tsaya a kansa ba. Ya dage a kan cewa ɗan kafinta da ɗan basarake su sami tushe iri ɗaya kafin kowa ya kama sana'arsa. A 1810 aka fito da jarrabawar da dole duk mai son koyarwa a babbar sakandare ya ci, abin da ya raba aikin malanta da limaman coci da ke yin sa kafin su sami gurbi. Ya san cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma jami'a ba za ta iya gyara abin da sakandare ta ɓata ba.

Sannan ya juya ga jami'ar Berlin. Ba shi ne ya fara kawo shawarar ba, domin malamin falsafa Fichte da malamin addini Schleiermacher duk sun riga sun rubuta nasu tsarin. Abin da ya yi shi ne mayar da dogon zance ya zama aiki. Ranar 16 ga Agustan 1809 sarki ya sa hannu, aka ba jami'ar fadar Yarima Heinrich da ke tsakiyar birni. Humboldt ya shiga farautar malamai ɗaya bayan ɗaya, ya jawo Savigny a fannin shari'a, da Wolf a harsunan mutanen da, da Hufeland a likitanci, ga Fichte da Schleiermacher. Aikin bai zo da sauƙi ba, har ya koka wa matarsa a wasiƙa cewa bai taɓa ganin jinsin mutane masu wuyar sha'ani da kishin juna kamar malamai ba, abin da duk wanda ya taɓa riƙe sashe a jami'a zai gaskata. A watan Oktoban 1810 aka fara karatu da ɗalibai 256 da malamai 52, a tsangayu huɗu: shari'a, likitanci, ilimin addinin Kirista, da falsafa.

A cikin waɗannan watanni ne ya rubuta wata 'yar takarda da ba ta wuce shafi goma ba, wadda bai ma ƙarasa ba, a kan yadda ya kamata a tsara manyan cibiyoyin ilimi. A ciki ya bambanta makaranta da jami'a. Makaranta tana ba da ilimin da aka riga aka kammala aka tabbatar, ita kuwa jami'a tana ɗaukar ilimi a matsayin matsalar da ba a gama warwarewa ba, kuma ba za a taɓa gamawa ba. Saboda haka dangantakar malami da ɗalibi ta sauya, su biyun masu hidima ne ga bincike, malami yana kawo gogewa, ɗalibi yana kawo zafin nama da tambayar da malamin ya daina yi. A asalinsa, digirin dakta na Turai izinin koyarwa ne, kwatankwacin ijazar da malamin zaure yake bai wa ɗalibin da ya sauke littafi a gabansa, shaidar cewa ya karɓa daidai kuma zai isar daidai. Sabon tunanin ya ɗora wani sharaɗi a kan wannan, wato sai ɗalibi ya ƙara wani abu da babu shi a lokacin da ya zo. Wannan ne ya ɗaga tsangayar falsafa, wadda a da share fage kawai take yi wa sauran ukun, ta zama cibiyar jami'a, kuma shi ya sa har yau masanin kimiyyar sinadarai ko na harshe ake kiran digirinsa da na dakta a falsafa.

Game da hukuma, ra'ayinsa yana da fuska biyu, kuma mu malamai mun fi son ambaton ɗaya. Ya ce wajibin gwamnati ne ta samar da kuɗi da gine-gine, sannan ta sani cewa duk lokacin da ta tsoma baki a cikin abin da ake bincike ko ake koyarwa, cikas take kawowa. Amma kuma ya bar wa gwamnati ikon naɗa farfesoshi, domin yana tsoron in an bar wa malamai su kaɗai za su riƙa ɗauko 'yan ɗakinsu da masu ra'ayinsu, su toshe ƙofa ga duk wanda ya fi su. Ya ga cewa barazana ga 'yancin ilimi takan fito daga cikin jami'a kamar yadda takan fito daga fada. Ta fuskar kuɗi kuwa, ya nemi a yanka wa jami'ar wasu gonakin masarauta su zama mallakinta, ta riƙa cin amfaninsu, don kada albashin malami ya dogara ga fara'ar minista ko halin da baitulmali yake ciki. Sarki ya amince da farko, amma waɗanda suka gaje shi suka yi watsi da maganar, bisa hujjar cewa malamin da ba ya jiran albashi daga gwamnati ba zai ji tsoronta ba.

Tun kafin a buɗe jami'ar ya miƙa takardar murabus, saboda an hana shugabannin sassa irinsa matsayin da aka yi musu alkawari a majalisar zartarwa, shi kuwa ba ya son ya ɗauki nauyin aikin da ba shi da ikon karewa. A watan Yunin 1810 ya sauka, bayan wata 16 kacal, aka tura shi jakada a Biyana, babban birnin Ostiriya. Ya wakilci ƙasarsa tare da Hardenberg a babban taron Biyana na 1814 zuwa 1815 da ya sake rabon Turai bayan Napoleon, ya kuma yi jakadanci a Landan. A 1819 aka ba shi minista, sai dai a wannan shekara ce sarakunan Jamusawa suka zartar da dokokin Karlsbad, waɗanda suka sa takunkumi a kan jaridu, suka kuma ajiye wakilin gwamnati a kowace jami'a yana sa ido a kan abin da malamai ke faɗa. Humboldt ya fito fili ya ƙi amincewa, ranar ƙarshe ta shekarar 1819 aka sallame shi. Jami'ar da ya kafa domin 'yanci ba ta cika shekara goma ba aka sa mata mai gadi.

Ya koma gidan gadonsu a Tegel, bayan garin Berlin, yana da shekara hamsin da biyu, kuma a nan ne ya yi aikin da mu masu nazarin harshe muka san shi da shi. Ya fitar da littafi a kan harshen Bask a 1821, ya koyi Sanskirit na Indiya, ya yi rubutu a kan ginin Sinanci, ya kuma taimaka aka ɗauko Franz Bopp, ɗaya daga cikin iyayen kwatanta harsuna, zuwa Berlin a 1821. Babban aikinsa shi ne nazarin Kawi, tsohon harshen adabi na tsibirin Java a Indonesiya ta yau, wanda ya faɗaɗa har ya haɗa harsunan tsibirai tun daga Madagaska zuwa tekun Fasifik. A gabatarwar aikin ya nuna cewa harshe aiki ne da mai magana yake sabuntawa a duk lokacin da ya buɗe baki, kuma kowane harshe yana ɗauke da tasa hanyar kallon duniya. Matarsa ta rasu a 1829, hannunsa ya kama rawa har sai da ya koma yin shifta ana rubuta masa, amma bai daina ba. Ya rasu ranar 8 ga Afrilun 1835, littafin kuma ya fito a juzu'i uku tsakanin 1836 da 1839, ƙanensa Alexander ne ya tsaya a kan buga shi.

Adalci ne a faɗi inda labarin yake da rauni. 'Yar takardar nan da ake ta yabo ta kwanta a ma'ajiyar gwamnati kusan shekara casa'in ba wanda ya san da ita, sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka tono ta, ba a kuma buga ta cikakkiya ba sai 1903. Saboda haka masana tarihi na baya-bayan nan suna ganin an jingina wa Humboldt abubuwan da hannaye da yawa suka gina. Zaman nazari na 'yan ɗalibai kaɗan tare da malami ya girmi Berlin, domin akwai shi a Göttingen tun 1738, ɗakin gwaje-gwaje na horar da masu bincike kuma Justus Liebig ne ya raya shi a Giessen daga 1824. Tsarin nasa ya fi amfanar 'ya'yan masu hali, mata kuwa ba a ba su cikakkiyar damar shiga jami'o'in Furushiya ba sai 1908. A fagenmu ma, ya fifita harsuna irin su Girkanci da Sanskirit a kan sauran ta fuskar gini, ra'ayin da kimiyyar harshe ta yau ta yi watsi da shi. Duk da haka, shi ne ya fi kowa fayyace manufar, kuma shi ne ya samo mata gida.

Daga wannan gida abin ya bazu. A da, a jami'o'in Jamusawa da yawa, farfesa ne yake rubuta kundin, ɗalibi ya biya kuɗin bugawa, ya tsaya gaban jama'a ya kare shi da harshen Latin, a ba shi digiri. A ƙarni na 19 ne ya tabbata cewa dole kundi ya zama aikin hannun ɗalibi, kuma ya zo da sabon abu. Amurkawa kusan dubu goma ne suka je Jamus karatu tsakanin 1815 da 1914, suka koma gida da tsarin. Jami'ar Yale ta ba da digirin dakta na farko a Amurka a 1861, a 1876 kuma aka buɗe Johns Hopkins domin karatun gaba da digiri na farko. Ingila ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Oxford ta karɓe shi, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne janyo ɗaliban ƙetare da suka saba tafiya Jamus.

Ƙasar Hausa ta ga ɗan wannan tsari tun kafin ta ga jami'a. Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, a Berlin ya yi karatu gaban Böckh da Carl Ritter, ya sami digirin dakta a 1844. Da ya iso Kano a 1851, horon da ya samu ne ya sa ya riƙa ƙididdige kayan kasuwa, yana tattara kalmomin Hausa da Barbarci da Fulatanci, ya kuma nemi littattafan malaman Sakkwato da Gwandu ya karanta. Diedrich Westermann, wanda ya rubuta bayanin gabatarwa a ƙamus ɗin Bargery na 1934, farfesa ne a wannan jami'a, wadda tun 1949 take ɗauke da sunan Humboldt. Amma digirin kansa ta hannun Ingila ya iso mu, ta kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Kuma ya yi aiki a nan. Kundin Murray Last a kan Daular Usmaniyya, wanda Ibadan ta amince da shi a 1964, daga ɗakin littattafan Wazirin Sakkwato Junaidu aka haƙo shi. Kundin M.K.M. Galadanci na 1969 a Landan ya buɗe sabon babi a nahawun Hausa, na Yusufu Bala Usman kuma na 1974 a Zariya ya sauya yadda ake kallon tarihin Katsina. Har yau ana karanta su, domin kowannensu ya zo da abin da babu.

To, ina muka kwana? A 1962 jami'o'i biyar ne a Nijeriya, a 2024 sun haura 250, kuma da yawansu sun buɗe makarantar gaba da digiri. Ban ga aibu a yawan ba, domin ƙasa mai yawan jama'a kamar tamu tana bukatar masu bincike fiye da waɗanda take da su. Damuwata ita ce sharuɗɗa uku da Humboldt ya gina tsarinsa a kai. Na farko, malamin da shi kansa yake bincike. Wanda ke koyar da ajin ɗaruruwan ɗalibai, yana duba kundaye fiye da yatsun hannunsa, yana kuma zirga-zirgar koyarwa a wata jami'a don cike giɓin albashi, yaushe zai yi nasa binciken, balle ya ja wani a ciki? Na biyu, kuɗin da ba ya yankewa. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993 bayan yarjejeniyar ƙungiyar ASUU da gwamnati ta 1992, shi ne mafi kusa da gonakin da Humboldt ya nema, kuma ya tura malamai da yawa ƙaro karatu, amma bai hana rufe jami'o'in tarayya wata takwas a 2022 ba, bincike kuwa ba ya jure irin wannan katsewa. Na uku, sakandaren da ke yaye wanda ya iya koyo da kansa. Idan sai a matakin digiri na biyu muke koya wa mutum yadda ake gina sakin layi, to muna fafe gora ne ranar tafiya.

Mu malamai ma muna da namu kason, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsoron da Humboldt ya ji game da 'yan ɗaki bai tsufa ba. Mun san kundayen da aka sauya wa suna da gari kawai, mun san masu shagunan da ke rubuta wa mutane babi-babi a biya su, wanda komawa ne ga halin da Jamusawa suka baro shekara ɗari biyu da suka wuce, mun kuma san zaman kare kundi da ake gamawa cikin raha saboda mai jarrabawa na waje abokin mai dubawa ne. Ni kaina na taɓa sa hannu a kan aikin da na san bai ƙara komai ba, domin ɗalibin ya daɗe, kuma ban so a ce ni na tsare shi. Shawarata ga majalisun jami'o'inmu ita ce a ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba, kada a buɗe digiri na uku a sashen da ba shi da masu binciken da za su riƙe shi, kuma a riƙa ajiye kowane kundi a intanet inda kowa zai iya karantawa ya ga ko sabo ne. Ma'aikatu kuma su daina mayar da wannan digiri tsanin ƙarin girma ga wanda aikinsa bai shafi bincike ba, a samar masa kwas na ƙwarewa da zai amfane shi.

Shi kuwa ɗalibin nawa, ban zaɓa masa batu ba. Na tambaye shi garinsu, ya faɗa mini wani ƙauye da ke kan iyaka, inda Hausarsu ta cakuɗa da wani harshe na maƙwabta. Na ce ya ɗauki hutun mako biyu ya je ya zauna da tsofaffin garin, mata da maza, ya naɗi hirarsu da wayarsa, ya rubuta ta yadda suka furta, sannan ya kawo mini abu guda da ya ji a bakinsu wanda ƙamus ɗin Bargery da littattafan nahawun da ke kan teburina ba su yi bayaninsa ba. Na yi masa alkawarin in ya kawo za mu zauna mu duba tare, domin ni ma ban san amsar ba. Ya fita ba da son ransa ba. Yau wata guda ke nan, ina nan ina jiran dawowarsa.